Yaron da ke Riƙe da Bindiga, Ɗan Wane ne?

Duk wanda ya bar Gusau ya kama hanyar Zariya zai wuce ƙauyen Sabon Gida, a ƙaramar hukumar Bungudu, inda Jami'ar Tarayya ta Gusau take. Da asubahin ranar Juma'a, 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka dira wannan ƙauye, suka fasa gidajen da ɗalibai ke haya, suka kora fiye da 20 zuwa daji, galibinsu mata. Sojoji sun ceto waɗansu a ranar, amma na ƙarshensu ba su ga iyayensu ba sai watan Afrilu na 2024, bayan kusan wata bakwai. In mutum ya ci gaba da bin wannan hanya zai isa Tsafe, inda a watan Afrilu na 2022 aka shiga gidan da ɗalibai mata na Kwalejin Kiwon Lafiya ke kwana, aka kwashe waɗansunsu cikin dare.

Kafin waɗannan, Jihar Zamfara ta riga ta sha ɗacin shekarar 2021. A daren 26 ga Fabrairu aka shiga Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Jangeɓe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sace 'yan mata 279, waɗanda aka sako ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka far wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka harbe ɗan sanda guda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da waɗansu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma, da rana tsaka, aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. A wannan lokaci gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako-mako. Abin kuwa bai tsaya a Zamfara ba. A watan Nuwamba na 2025 an harbe mataimakin shugaban makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi, kwana huɗu bayan haka aka sace yara fiye da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja.

Idan aka ce harbi a makaranta, hankalin mutane da yawa Amurka yake tafiya. A can, sau da yawa mai harbin ɗan makarantar ne da kansa. Ranar 20 ga Afrilu, 1999, samari biyu suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya a wata sakandare a Jihar Kolorado. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani yaro ɗan shekara 15 ya harbe ɗalibai huɗu a garin Oksfod na Jihar Mishigan, da bindigar da ubansa ya saya masa kwana huɗu kafin nan. Da safiyar ranar ma malamai sun kira iyayen, suka nuna musu zanen bindiga da jini da yaron ya yi a takarda, amma suka bar shi a makaranta suka koma harkokinsu. A 2024 kotu ta ɗaure uban da uwar, kowannensu shekara 10 zuwa 15. Wato shari'a ta ce alhakin jinin bai tsaya kan yaron kaɗai ba, ya bi shi har cikin gidansu.

To, mu a nan wane gida za mu bi? Mai harbinmu daga daji yake fitowa a kan babur. Amma waɗanda suka dawo daga hannunsu suna ba da labari iri ɗaya: da yawa cikin masu gadinsu yara ne matasa, waɗansu ko gemu ba su fara ba, sa'o'in waɗanda suka sato. Bambancinsu shi ne ɗaya ya zauna a aji, ɗayan kuwa bai taɓa ganin allo ba. Wannan yaro mace ce ta haife shi, an yi masa suna, an goya shi. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: daga ranar sunan zuwa ranar da aka miƙa masa bindiga, ina ubansa, ina danginsa, ina sauran jama'a?

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar, ya ba da wani ɓangare na amsar. Ya gano cewa tsakanin 2011 da 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutane fiye da 190,000 sun bar gidajensu. Cikin marayun nan akwai 'ya'yan manoma da 'yan bindiga suka kashe, akwai kuma 'ya'yan makiyaya da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da shari'a ba. Yaron da aka yanka ubansa a gabansa, aka kore shanunsu, babu wanda ya zo ta'aziyya, wa zai koya masa darajar rai? Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, a 2004 kuma aka yi dokar da ta tilasta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, amma rugage da ƙauyuka da dama ba su ga malami ba. Inda malami bai je ba, dillalin makami da na ƙwaya sun je. Faɗin haka ba wanke mai laifi ba ne. Wanda ya zubar da jini dole ya fuskanci hukunci, tsaron makarantu kuma nauyi ne a wuyan gwamnati, wadda ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare makarantu a 2019.

Gida na biyu yana cikin gari, kusa da mu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mutumin daji bai san gidan da ɗalibai mata ke haya ba, bai san lokacin da masu sintiri ke wucewa ba, sai an faɗa masa. Akwai mai kai masa fetur, da burodi, da katin waya, da ƙwayoyi. Waɗannan infoma a gidaje suke kwana. Saurayi ba shi da sana'a, ya shigo da sabon babur da babbar waya, uwa ta yi guɗa, uba ya karɓi buhun shinkafa bai ce daga ina ba. A dā, yaro ya tsinci sule a hanya sai ya yi bayani. Yau mun kai inda ake girmama mai kuɗi ba a tambayar sana'arsa, kuma masallaci da majami'a duk ba su tsira daga wannan ba. Littafin Sama'ila na Fari ya ba mu labarin Eli, firist a Shilo, wanda ya ji muguntar 'ya'yansa Hofni da Finehas, ya yi musu faɗa da baki, amma bai hana su ba. Ƙarshenta abin ya cinye gidansa, ya kuma taɓa al'umma duka.

Gida na uku namu ne, mu iyayen ɗalibai. Tsoro ya sa waɗansu sun cire 'ya'yansu mata daga makaranta sun aurar da su. Babu mai zargin uwar da ta kwana tana jiran kiran waya daga daji. Amma a tuna, yarinyar da ke karatu a Tsafe ita ce za ta karɓi haihuwa a asibitin ƙauye gobe, ta Jangeɓe kuma ita ce malamar aji. In makaranta ta mutu, yaran da ba su da aji sun ƙaru, wato an ƙara wa daji ma'aikata. Mai hali ya kai ɗansa Kano ko Abuja, talaka fa?

Saboda haka, 'yan'uwa, in muna maganar tarbiyya kada ta tsaya a ƙofar gidanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗa kuma na kowa ne. Uba ya san abokan ɗansa, ya san inda kowace naira ta fito. Dattawan ikkilisiya su yi ƙarfin halin tambayar asalin babbar kyauta kafin su yi godiya. Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin karatun maraya ko da ɗaya ne cikin 'yan gudun hijirar da ke Gusau, ba tare da tambayar addini ko ƙabilarsa ba. Fastoci su zauna da limamai da masu unguwanni kan tsaron gidajen da ɗalibai ke haya, gama a Jangeɓe da Papiri hawayen uwa iri ɗaya ne. Yarinyar da ta dawo daga daji kuma a karɓe ta da mutunci, a kai ta asibiti, a rufe bakin masu gulma, a mai da ita aji.

Marayun da kwamiti ya ƙirga a 2019, waɗansu yau sun zama samari. Waɗanda aka mayar marayu bayansu suna nan suna girma a gefen titunan Gusau da Tsafe da Bungudu. Wani zai riƙa hannunsu, ko mu ko mai bindiga. Ubangiji ya ba mu zuciyar riga shi isa gare su, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya maido da salama a ƙasarmu. Amin.