Yau 14, gobe 8: kada maki ɗaya ya yanke wa ƴarki hukunci

Tun da aka rufe mahaƙar Cominak ta Akokan a ƙarshen Maris na 2021, gidaje da yawa a Arlit sun daina dogara da albashin kamfani. Imouraren kuwa, mai nisan kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, an sha jiranta ba a fara haƙo ba, har gwamnati ta karɓe lasisin daga hannun Orano a watan Yunin 2024. Shi ya sa uwaye da dama suke son ƴaƴansu mata su karanci kasuwanci da tafiyar da kuɗi. Sai dai manyan makarantu irin su CESAG ta Dakar, ko ENA ta Yamai mai horar da ma'aikatan gwamnati, ba a shiga sai an ci kwankur, wato jarrabawar shiga.

A nan ne asusunmu ke shigowa. Daga Arlit zuwa Yamai kusan kilomita 1,200 ne. Kuɗin mota, masauki, takardu da ladan malamin bita, sau da yawa daga rancen akwati suke fitowa. Sai yarinya ta yi jarrabawar gwaji ta samu 14 cikin 20, gida ya ɗauki guɗa. Sati na zagayowa ta kawo 8. To, a ci bashin ko a fasa?

Me ke sa maki hawa da sauka?

Na farko, takardun gwaji ba nauyinsu ɗaya ba. Wata ta cika da lissafi, wata da Faransanci ko tambayoyin sanin duniya. Yarinyar da ta ƙware a rubutu za ta haskaka a wannan, ta sha wuya a waccan, alhali iliminta bai canza ba cikin kwana bakwai.

Na biyu, yadda aka yi gwajin. Wanda aka yi da sanyin safiya, ciki da abinci, ba zai zo daidai da wanda aka yi cikin zafin azahar ba, bayan ɗiban ruwa da wanke-wanke, ƙanne na kuka a kanta. Haka nan idan ba a sa agogo ba, ko ta ɗan leƙa littafi, ko ta taɓa ganin tambayoyin a baya, makin zai kumbura. A tambayoyin zaɓi ma akwai canki: yau ta dace, gobe ta kuskure.

Na uku, mai gyaran takarda. Wani malami hannunsa a sake yake, wani kuwa kafin ya ba da 12 sai an yi gumi.

A duba shi kamar littafin asusu

Tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maradi, mun san abu ɗaya: ba a auna mace da zubin sati guda. Littafi ake buɗewa a ga yadda ta saba. Haka makin yarinya. A ce ta samu 14, 8, 12 da 10. Ki haɗa su, 44 ke nan. Ki raba gida 4, ya ba ki 11. Wannan 11 ɗin ya fi kusa da gaskiyarta fiye da 14 da ya sa ki guɗa, ko 8 da ya hana ki barci.

Sannan ta tanadi ɗan littafi na kurakurai. Duk tambayar da ta faɗi, ta rubuta dalili: ba ta san darasin ba, ta yi gaggawa, ko lokaci ne ya ƙare mata. Bayan gwaji 4 ko 5 za ku ga inda ramin yake. In rashin sani ne, sai bita. In lokaci ne, sai ta riƙa yi da agogo. Jera gwaji kullum ba tare da duba kuskure ba, gajiya kawai yake ƙarawa.

Abin da ƙungiya za ta iya

A ware mata safiya ɗaya a sati, sa'a ɗaya ba canji, a ɗauke mata aikin gida. Wadda ke da ɗaki shiru ta ara, wadda ke da fitila mai aiki da hasken rana ta taimaka saboda ɗaukewar wuta. A nemi malami guda ya riƙa gyara takardun duka.

Ke kuma uwa, kafin ki nemi rance a taron sati, ki zo da makin gwaji na baya-bayan nan, ba mafi kyawu kaɗai ba. In matsakaicin yana hawa, mafi ƙanƙantar makin ma yana ɗagawa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In kuwa har yanzu yana tangal-tangal, jinkirta shekara ɗaya ya fi ki dawo da bashi da yarinya mai karyayyar zuciya. Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a.