Aikin Ƙwayoyin Gado na Dangin MADS Wajen Ginin Fure da 'Ya'yan Tsiro

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne sai tsiro ya yi fure kafin ya yi 'ya'ya. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana ilimin tsirrai kai shi ne yadda toho guda yake fitar da gaɓoɓi mabambanta, kowace a muhallinta, ba tare da sun cuɗe ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana amsar da bincike ya samar, wato aikin wasu ƙwayoyin gado da ake kira dangin MADS. Abin nufi da ƙwayar gado a nan shi ne yankin DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin, wanda 'ya'ya ke gada daga iyaye.

2.0 Asalin Sunan da Yanayin Aikinsu

An samo kalmar MADS ne daga haruffan farko na sunayen ƙwayoyin gado huɗu: MCM1 ta yis, da AGAMOUS ta wani ɗan haki mai suna Arabidopsis, da DEFICIENS ta furen Antirrhinum, da kuma SRF ta ɗan Adam. Zsuzsanna Schwarz-Sommer da abokan aikinta a Jamus ne suka raɗa sunan a 1990, bayan an lura cewa furotin ɗin da kowace ke samarwa yana da wani sashe iri ɗaya mai tubalan amino wajen 60. Da wannan sashe ne furotin ɗin yake kama DNA a wani gurbi na musamman, ya tayar da wasu ƙwayoyin gado ko ya dakatar da su. Ke nan aikinsu irin na sarkin magina ne: ba su ɗaukar tubali, amma su ke faɗin abin da za a gina a kowane wuri. An ƙidaya irinsu 107 a Arabidopsis a 2003.

3.0 Ginin Fure

Cikakken fure yana da da'ira huɗu daga waje zuwa ciki. Ta farko ita ce ta ganyen kariya, kamar jan ɓangaren nan na yakuwa da ake busarwa a yi zoɓo. Ta biyu ta ganyen ado ce, mai launin da ke jawo ƙudan zuma. Ta uku ta gaɓar namiji ce, mai fitar da garin barbara, sannan ta huɗu ta gaɓar mace, wadda ke zama ɗa bayan barbara.

A 1991 Enrico Coen na Ingila da Elliot Meyerowitz na Amurka suka bayyana ra'in ABC. Bisa wannan ra'i, rukuni uku ne na ƙwayoyin gado suke raba aikin kamar haka:

(1) A kaɗai: ganyen kariya
(2) A da B: ganyen ado
(3) B da C: gaɓar namiji
(4) C kaɗai: gaɓar mace

Ga mai nazarin harshe wannan tsari ba baƙo ba ne, domin haka ƙwayoyin sauti 'yan kaɗan suke haɗuwa su ba da kalmomi masu ma'ana daban-daban. Haka kuma hanyar gano aikin kowane rukuni ta yi kama da ta gwajin kalmomi masu bambancin sauti guda: a cire ɗaya, a duba abin da ya sauya. Idan B ta lalace, sai ganyen kariya ya fito a gurbin ganyen ado, gaɓar mace kuma a gurbin ta namiji. A da C kuwa kishiyoyi ne, ba su zama ɗaki ɗaya. Idan ɗaya ta kau, sai ɗayar ta mamaye wurinta. Saboda haka ne lalacewar AGAMOUS, wadda ke rukunin C, take haifar da fure mai ganyen ado rututu, fure cikin fure, amma bakarare. In ban da APETALA2, duk ƙwayoyin gado na waɗannan rukunoni a Arabidopsis 'yan dangin MADS ne.

Daga bisani an ƙara rukuni biyu. A 1995 aka gano D a furen Petunia, mai kula da samuwar 'yan ƙwayayen da ke zama iri. A 2000 kuma aka gano E, wato SEPALLATA, wadda B da C ba su iya aiki sai da ita. Wannan ya sa Günter Theissen da Heinz Saedler suka kawo bayani a 2001 cewa furotin huɗu ne ke haɗuwa dunƙule guda kafin su ba da umarni. Da aka kashe SEPALLATA huɗun da Arabidopsis ke da su a 2004, sai duk gaɓoɓin furen suka koma kamar ganyaye. Wannan ya gaskata hasashen da marubucin Jamus Goethe ya yi tun 1790, cewa fure ganye ne da ya rikiɗe.

4.0 Ginin 'Ya'ya da Nunarsu

Aikin wannan dangi bai ƙare da barbara ba. A Arabidopsis, FRUITFULL ke kula da girman bangon kwanso, SHATTERPROOF kuma ta shata layin da zai tsage idan ya bushe. Idan aka lalata SHATTERPROOF guda biyun, kwanson ba ya fashewa, irin ba ya zubewa. Duk wanda ya taɓa jinkirta yankan riɗi ya san girman asarar da fashewar kwanso ke jawowa.

A tumatir, ƙwayar gadon da ake kira RIN tana cikin manyan masu tafiyar da nuna, wato ja da laushi da ƙamshi. A 2002 aka tabbatar cewa 'yar dangin MADS ce. Akwai wani irin tumatir mai gurɓatacciyar RIN wanda 'ya'yansa ke zama da tauri ba su nuna, kuma masu haɗa iri suna barbararsa da lafiyayye don samun tumatir mai jure ajiya. A 2017 masana a Japan suka nuna cewa ko an kashe RIN ɗungurungum, tumatir yakan fara nuna, sai dai ba ya kaiwa gaci.

Misali mafi kusa da gida shi ne kwakwar manja, wadda asalinta Afirka ta Yamma ce. Iri uku gare ta: dura mai kaurin ƙwarya, da pisifera marar ƙwarya, da tenera mai siririyar ƙwarya da yawan mai. Tun 1941 aka gano a Kongo cewa tenera 'yar barbarar sauran biyun ce, amma sai a 2013 masana na Maleshiya da Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa bambancin, mai suna SHELL, ita ma 'yar dangin MADS. Ɗaya daga cikin sauye-sauye biyu da aka fara ganowa a jikinta a irin kwakwar Nijeriya aka same shi. Amfanin wannan a fili yake: ana iya gwada ganyen dashe tun yana wurin reno a san irinsa, maimakon manomi ya yi shekaru yana wahalar bishiya kafin ta nuna masa halinta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa siffar fure da ta 'ya'ya ta dogara ne a kan wace ƙwayar gado ta haɗu da wace, kuma a wane gurbi. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su ganyen kariya da ganyen ado da garin barbara, shawara ce ga masana harshe da na aikin gona. Ya kamata su zauna tare su tace su, domin malamin gona ya sami abin da zai yi wa mai lambu bayani da shi cikin harshen da yake ji.