Jakbil, garin da ke tsakanin ruwa biyu

Yara, da yawa cikinku suna da wa, ko kawu, ko baba da ya tafi Abijan neman kuɗi. In ya komo gida, labarin Ajame da Tireshibil ya fi bayarwa: kasuwa, da hayaniyar motoci, da taron ran Juma'a a babban masallacin Tireshibil, inda Hausawa da Julawa da Zabarmawa da Yarbawa ke haɗa sahu. Amma ba kowa zai gaya muku ba cewa wanda ya tsaya ƙofar masallacin nan, bisa tsibiri yake tsaye. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta kowane gefe. Mutumin Tireshibil in zai tafi Ajame, sai ya hau gada. Gadar Hufwet Bwanyi an buɗe ta a 1957, gadar Dagol kuma a 1967.

Tireshibil ba ta barci. Amma yamma da Abijan, tafiyar kilomita kamar 60, akwai wani ƙaramin gari wanda shi ma ruwa ya kewaye shi, ga shi kuwa shiru kamar ƙauye. Sunansa Jakbil. Da faransanci ana rubuta shi Jacqueville.

Mai zuwa Jakbil daga Tireshibil sai ya ƙetare gada, ya bi ta Ajame, ya ratsa Yofugon, ya kama hanyar Dabu. Wajen Songon sai mota ta karya hagu, ta nufi kudu. Can gaba kaɗan sai ga ruwa shimfiɗe. Baƙo yakan zaci ya iso teku. A'a, da saura. Wannan tabkin Ebiriye ne.

Ku saurara da kyau ku ji yadda aka yi tabkin ya samu. Igiyar ruwan teku ba ta hutawa, dare da rana tana turo rairayi zuwa gaɓa. Shekaru aru-aru tana yi, har rairayin ya taru ya zama dogon tudu, kamar kunyar da manomi ya ja. Koguna kuwa suna gangarowa daga arewa, irin su Komowe da Anyebi, suna neman teku. Da suka iske tudun ya tare musu hanya, sai ruwansu ya kwanta bayansa. Ruwan da ya kwanta haka kusa da teku shi ake kira lagune da faransanci. Tsawon tabkin Ebiriye ya kai wajen kilomita 130. Ruwansa ba kamar na rijiya ba ne, ba kuma kamar na teku ba. Kusa da Abijan yana da gishiri-gishiri, in an yi nisa kuma gishirin ya ragu.

Jakbil tana zaune bisa wannan dogon tudu na rairayi. Arewa da ita tabki, kudu da ita tekun Atalantika. Gabas da yamma fa? Nan hannun mutum ne ya ƙarasa aikin. A 1950 Faransawa suka gama haƙa hanyar ruwa ta Biridi, wadda tsawonta bai cika kilomita 3 ba, don manyan jiragen ruwa su shigo tabki daga teku. Ita ta sa Abijan ta sami tashar jiragen ruwa, aka buɗe ta a 1951. Can yamma kuma akwai wata hanyar ruwa da aka haƙa, ta Azanyi. Da aka yanke tudun gaba da baya, ƙasar Jakbil sai ta koma tsibiri.

Shekara da shekaru, babu mai shiga garin da mota sai ta jirgin fito. Jirgin faffaɗa ne, motoci suna hawa bisansa, ya ƙetare da su zuwa ƙauyen Njem. In jirgin ya lalace, sai jira. In dare ya yi ya daina aiki, sai a kwana bakin ruwa. Mai rashin lafiya da mace mai naƙuda su suka fi sanin wuyar wannan jira. A watan Maris na 2015 shugaba Alasan Watara ya buɗe gada, tsawonta ya ɗan wuce mita 600. Aka sa mata sunan Filif Yase, ɗan garin. An haife shi a 1920, malamin makaranta ne tun farko, ya kuma shugabanci majalisar dokokin Kodibuwa kimanin shekara 20, har zuwa 1980. Ya rasu a 1998, bai ga gadar ba.

Masu garin na asali su ne Aladiyan, tare da maƙwabtansu Ahizi. Tun kafin Faransa ta mallaki ƙasar a 1893, jiragen Turawan Ingila suna tsayawa daura da gaɓar nan suna sayen manja. Aladiyan su ne dillalai. Suna karɓo manja daga mutanen ƙetaren tabki, su loda ganguna cikin kwale-kwale, su ratsa igiyar ruwa su kai wa jirgi. Waɗansunsu suka yi arziki ƙwarai, suka gina benaye. Har yau ana ganin kangayen waɗansu gidajen kusa da teku, iska mai gishiri ta cinye musu ƙarfe. An ce sunan garin ma daga tutar Ingila ya fito, wadda ake kira Jak.

Abin da baƙo ke fara gani yau shi ne itatuwan kwakwa. Ba kwakwar manja ba, kwakwar Attagara, mai ƙaton ɗa da ruwa a ciki. Tana son rairayi, ba ta tsoron gishiri, shi ya sa ta cika gaɓa jere-jere. Ɗanyarta ana sare mata kai da adda a sha ruwan. Wadda ta ƙosa kuma a fasa, a shanya farin naman, a tatsi mai. Ganyenta ana yin rufi da shinge da tsintsiya. Ko ɓawon ba a yar da shi, da shi mata ke ƙyafe kifi.

Mata suna kuma noman rogo, su yi aceke. Wanda ya zauna Abijan ya san garba, wato aceke da soyayyen kifi da barkono. Sunan Garba na mutanenmu ne, domin ƴan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Amma aceken kansa aikin matan bakin tabki ne, su Ebiriye da Ajukuru da Aladiyan. A 2024 hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin aceke cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

To, yanzu mu gangara bakin teku. Rairayi ne mai laushi, ya miƙe gabas da yamma iyakar ganin ido. Da asuba masunta ke tura kwale-kwalensu cikin ruwa. Da yawa cikin masuntan gaɓar Kodibuwa asalinsu Gana ne. Wani lokaci za ka ga mutane da yawa sun yi layi bisa rairayi, suna jan igiyar taru guda, suna waƙa don ƙarfinsu ya zo ɗaya. In tarun ya fito, mata na nan tsaye da kwanoninsu. Ran Litinin ko Talata kana iya doguwar tafiya a gaɓa ba ka gamu da kowa ba, sai kaguwa tana gudu da gefe tana faɗawa rami. Asabar da Lahadi ne mutanen Abijan ke zuwa shan iska, su ci gasasshen kifi, su koma da marece.

Ga wani abu da ya kamata kowane yaro ya riƙe. Tekun nan ba kududdufin bayan gari ba ne. Igiyar ruwa tana tasowa daga nesa, ta yi tsayi, ta faɗo bisa gaɓa da ƙarfi. Ruwan da ta kawo dole ya koma inda ya fito. Wurin komawa yakan tattaru wuri guda, ya yi gudu zuwa cikin teku kamar ƙorama. Abin mamaki, wurin da yake bi shi ya fi kama da wuri mai lafiya, don ba shi da kumfa sosai. Baƙo sai ya ce nan zan shiga. Ruwa iya gwiwa ma yana iya kwashe rairayin ƙarƙashin ƙafarsa, ya kayar da shi, ya ja shi. Kowace shekara mutane suna nutsewa a gaɓar Kodibuwa, har da waɗanda suka iya iyo. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiya zai yi. Sai ya bi ta gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga gudun ruwan, ya ɗaga hannu a gan shi. Yaro kuwa kada ya shiga sam sai da babba, kuma sai an tambayi ƴan gari. Masunta sun san ruwansu kamar yadda makiyayi ya san dajinsa.

Ina baƙo ke kwana? Mu a al'adarmu, matafiyi zango yake nema, ko mai masauki ɗan garinsu, ya ba shi tabarma da ruwan sha, ba a zancen kuɗin ɗaki. Haka ake yi a Ajame da Tireshibil tun zamanin fataken goro. Garin shan iska ba haka yake ba. A Jakbil akwai ƙananan otel-otel, waɗansu cikin gari, waɗansu bakin teku. Akwai ɗakuna ɗai-ɗai da aka gina ƙarƙashin kwakwa, wani da fanka, wani da na'urar sanyaya ɗaki. Na bakin teku sun fi tsada, kuma ranakun hutu da na salla da ƙarshen shekara sukan cika. Wanda ba zai kwana ba sai ya kama rumfar ganyen kwakwa ta wuni guda, ya ajiye kayansa, ya zauna inuwa. Mai kwana ya nemi gidan sauro, don inda ruwa yake kwance ba a rasa sauro. Ya kuma duba sama kafin ya shimfiɗa tabarma, kwakwa in ta faɗo ba ta sallama.

Lokacin zuwa mafi daɗi shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da mu muke cikin ɗari da ƙura. Can kudu damina biyu gare su. Babbar tana ƙarfi a Mayu da Yuni, ƙaramar kuma wajen Oktoba da Nuwamba.

Gada ta kawo sauƙi, ta kuma kawo wani abu. Tun da aka buɗe ta, masu kuɗi daga Abijan suke ta sayen filaye. Inda dā gonar kwakwa ce, yanzu sai ka ga an sare itatuwa an ja katanga. Mai gona ya karɓi kuɗi sau ɗaya, alhali kwakwarsa tana haihuwa shekaru da yawa. Ƙarƙashin teku kuma, daura da garin, akwai iskar gas da ake haƙowa, ana tura ta cikin bututu don a samar da lantarki. Ita ma tana jawo ma'aikata da gine-gine.

Teku shi ma yana cin ƙasa ta ɗaya gefen. Yamma da Jakbil, a tsohon garin Lahu, ruwa ya ci gidaje da tituna, har da maƙabarta, mutane da yawa suka tashi suka koma sabon gari nesa da gaɓa. Tudun Jakbil rairayi ne irin na Lahu. Shi ya sa ɗibar rairayin bakin teku don yin gini, da kafa ɗakuna dab da ruwa, suke da haɗari.