Gyaran magana ga yara

Gyaran magana wani reshe ne na kiwon lafiya da ke taimaka wa yara masu in'ina, tsamin baki ko jinkirin fara magana. Yawancin yara kan furta kalmar farko wajen shekara 1, su haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2.

Ana farawa ne da gwajin ji, domin yaron da sanƙarau, ƙyanda ko ciwon kunne ya rage masa ji ba zai iya kwaikwayon sautin da bai ji ba. Ga mutanen Ikara, Makarfi da Kudan, manyan cibiyoyin da za su iya zuwa sun haɗa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Harshen da ake gwajin da shi yana da muhimmanci ƙwarai. Gwajin da aka tsara da Ingilishi ba zai gano yaron da ke cewa "kasa" maimakon "ƙasa" ba, tunda Ingilishi ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Cire beli da wanzamai ke yi ba ya maganin in'ina.