A Bar Makaho Ya Naɗi Lakca

Akwai wata ɗabi'a a jami'o'inmu da ta ishe ni. Ɗalibi makaho zai lallaɓa ya ajiye wayarsa a gefen teburin malami domin ya naɗi darasi, sai malam ya ɗaure fuska ya ce a ɗauke, shi ba a naɗar muryarsa. Wani ma har ƙwace wayar yake yi, ya ce a same shi a ofis. Daga nan ya juya ya ci gaba da zuba bayani awa biyu, yana rubutu a allo yana cewa "in ka haɗa wannan da wancan", alhali yaron da ya hana bai ga wannan ba, bai ga wancan ba.

Naɗar lakca ba wani abu ba ne illa ɗaukar murya ko bidiyon darasi don a sake saurare daga baya. A Ingila da Amurka jami'o'i da yawa sun kafa na'urori a azuzuwa, da manhajoji irin su Panopto, masu yin aikin da kansu. Mu a nan ƙaramar waya ma ta wadatar.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce wai naɗar darasi lalaci take koyarwa: in ɗalibi ya san zai samu murya, ba zai zo aji ba, in ya zo ma ba zai yi rubutu ba. Wace irin magana ce wannan? Ɗalibin da ya taso daga hostel da sanda, ya tsallake kwatoci, ya laluɓi matakala har ya iso aji kafin masu ido, shi ne malalaci? Ai da bai zo ba, da ba a ga wayar tasa a kan tebur ba.

Rubutun makafi da allo da tsinke huda ake yi ɗigo-ɗigo, ba ya taɓa cim ma bakin malamin da ke sauri, keken rubutunsu kuwa yana da ƙara, 'yan aji su ce ya dame su. Wanda shan inna ko haɗari ya taɓa wa hannu, kafin ya gama layi ɗaya an wuce shafi. Mai sikila, in ciwon ya tashi, sai ya kwana bakwai a gadon asibiti, ya dawo ya tarar an gama babi biyu. Waɗannan ba sauƙin jarrabawa suke roƙo ba. Tambayar da za a yi wa kowa ita za a yi musu, kuma da ma'auni ɗaya za a ba su maki. Abin da suke nema kawai karatun ya iso gare su kamar yadda ya isa ga na kusa da su.

Batun guje wa aji kuma, mu Hausawa bai kamata a ruɗe mu da shi ba. Rediyon Kaduna ya yi shekara da shekaru yana watsa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, ana kuma sayar da kaset-kaset a kasuwa, amma masallacin bai daina cika ba. Mai son karatu yana zuwa ya ji, ya koma gida ya maimaita. In malam na tsoron ajinsa ya watse, ga rajista nan, ga ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 da jami'o'i da dama ke aiki da ita kafin a zauna jarrabawa. Ya yi amfani da su. Ni dai ina zargin wasu ba lalacin ɗalibi ne damuwarsu ba, cinikin handawut ne, ko kuma ba sa son a ji irin baƙaƙen maganganun da suke yaɓa wa yara a aji.

Kuma wannan ba alfarma ba ce. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, sannan a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya, har da a fagen ilimi. A Amurka, ƙa'idojin da aka gina a kan wata doka ta 1973 sun ambaci rikoda da sunanta, sun ce ba a yarda jami'a ta hana naƙasasshe shiga da ita aji ba. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa. To a buɗe wa yaro ƙofar jami'a, sannan a rufe masa ta aji?

Rashin wuta da tsadar data su ma matsala ne, amma ba su ne ke ƙwace waya ba.

Malam, in ka yarda a naɗa, ka taimaka naɗin ya yi amfani. Duk abin da ka rubuta a allo ka karanta shi da baki, har lambobi da alamomin lissafi. In ka nuna zane, ka faɗi abin da ke cikinsa. In wani ya yi tambaya daga bayan aji, ka maimaita ta kafin ka amsa, domin waya ba ta jiyo ta ba. Ka bari a ajiye wayar kusa da kai, nesa da fanka. In za a tattauna abin da ya shafi sirrin wani, ka ce a dakata da naɗi, wannan haƙƙinka ne. In kana tsoron a yanki maganarka a watsa a TikTok, tsoron yana kan hanya, maganinsa takarda ce: ɗalibi ya sa hannu cewa don karatunsa kaɗai zai yi amfani da naɗin, in ya saɓa a hukunta shi. Ka kuma tuna kurma ba ya ƙaruwa da murya. Shi mai fassara da hannu yake buƙata, ko bidiyo mai rubutu a ƙasa, ko ka ba shi rubutaccen darasin tun kafin a shiga aji.

Kai kuma ɗalibi, ka nemi izini tun ranar farko, kada ka naɗa a ɓoye. Ka yi caji tun dare, ka kashe layi don kada kira ya katse maka. Ka sa wa kowane naɗi sunan kwas da kwanan wata, ka saurare shi a ranar, kada ka tara sai daren jarrabawa. Muryar malam amana ce, kada ka tura ta ko'ina.

Shugabannin jami'o'i, ku kai maganar gaban majalisar jami'a, ku fitar da rubutacciyar ƙa'ida, ku sa ta cikin kundin da ake raba wa sababbin ɗalibai, don kada karatun makaho ya dogara da yadda malam ya tashi a ranar.