Sulen Azurfa Tsakanin Maƙeri da Mai Tara Tsofaffin Kuɗi

 A 1920 Turawa suka daina buga wa Afirka ta Yamma kuɗin azurfa, suka koma tagulla, don azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko. Saboda haka taro, sisi, sule da fataka masu kan Sarki Joji na Biyar, waɗanda aka fara bugawa a 1913, ba su daɗe suna yawo ba. Jama'a suka ɓoye su. Wasu suka ƙare a wutar maƙera, wasu a kitson matan Fulani.

Kai wa maƙerin farfaru irin wannan sule, zai kankare gefensa, ya saurari ƙararsa, ya ɗora a sikeli. Nauyi yake saye. Mai tara tsofaffin kuɗi kuwa gilashin ƙara girma yake ɗaukowa, ya nufi wuraren da suka fi tudu, don su hannu ke fara cinyewa: kambin sarki, gemunsa, da ganyen kwakwar manjan da ke bayan sulen. Ma'aunin tantance kuɗi da Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949 ya tashi daga 1 zuwa 70. Kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba yana farawa daga 60, wanda ya suɗe har rubutunsa ya dushe yana can ƙasa. Azurfar ɗaya ce, farashin ya sha bamban.

Abin takaicin shi ne, gatan da muke yi wa kuɗin shi ke karya darajarsa. A dirje shi da toka da lemun tsami ya yi ƙyalli, a huda shi ko a liƙa masa kunne don rataya. Kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS ba sa ba irin wannan kuɗi lamba, sai dai su rubuta aibinsa. Baƙin da shekaru suka shafa masa, wanda mu ke gani datti, su shaidar asali suke ɗaukarsa.

Liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ya fi ruɗar mutane. Yana ɗauke da shekarar 1780, sai mai shi ya yi zaton ya tsinci dami a kala. Alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Viyana, Landan, Bombay da sauransu har cikin ƙarni na 20. Giram 28 ne, kuma mafi yawansu kuɗin azurfarsu kawai ake biya.