Idan Gaba ta Shiga Filin Ƙwallon Hannu

Ƙwallon hannu yana daga cikin wasannin da ƴan matan kwaleji da lise suke yi a makarantun Nijar. Ƴan wasa 7 ne a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Doka ta hana mai ƙwallo ta riƙe shi fiye da daƙiƙa 3, ko ta yi taku fiye da 3 yana hannunta. Saboda haka tilas kowace yarinya ta nemi ƴar'uwarta. In biyu daga cikinsu suna gaba, nan take abin yake fitowa fili: wannan ta hango waccan a sarari, ta kau da kai, ta jefa inda abokan hamayya suka tare.

Sau da yawa ba wajen wasa rigimar take somawa ba. Wadda aka zaunar a benci ta yi gunaguni, wata ta kwashe ta kai, maganar ta ƙara gishiri a hanya ko a WhatsApp, sai a wayi gari ana "an ce kin ce". Kafin malamin wasanni ya farga, ƙungiya ta rabu gida biyu.

Maganin shi ne a zaunar da su ido da ido, kowacce ta faɗi abin da ta ji da kunnenta. Ke kuwa uwa, in ƴarki ta kawo ƙara, kada ki ce ta bar wasan, kada kuma ki ɗauki mayafi ki nufi gidan su waccan. Tambaye ta tukuna: "Wa ya gaya miki?" Yaran sukan shirya kafin mako ya zagayo, amma in iyaye suka shiga, gabar takan daɗe.